Tumuni

Kwana arba'in da kai ka Tafo, Sallau,
ƙasar kabarinka ba ta gama kwanciya ba,
ni ko zanen takaba bai san ruwa sau uku ba,
sai ga tabarmi a tsakar gida,
kowa da dokarsa a hammata.

Malam Ɗanjimma ya gyara tabarau mai ƙafa ɗaya:
"Matar da ta haihu, tumuni ne nata."
Ɗaki sha ɗaya muka tayar a Aboabo.
Ya lissafa a yatsu, ya sake lissafawa,
na tashi da ɗaki guda da guntun baranda.
Ban ja da ayar Allah ba.
Na dai so in tambaya, a wane ɗaki aka yanka ni,
ta ƙofa ko ta taga?

Ɗan yayarka Yaw Ofori ya zo daga Offinso
da baƙin zane a kafaɗa.
Shi bai san wani Sallau ba, Kwaku ya sani,
sunan da ka ajiye a bakin masallaci tare da takalmi.
Ya ce a wurinsu jini ta uwa yake gangarowa,
kawu in ya faɗi, ɗan 'yar'uwa ke hawa kujera,
da gonar koko, da gida, da abin da gida ya haɗiye.
Ya faɗa da ladabi.
Ladabin ne ya fi yi mini ciwo.

Ilu ɗanka ya miƙe, waya na rawa a hannunsa,
wai ga abin da gwamnati ta rubuta.
Tasallah ta ja rigarsa.
Auta na bayan randa yana cin ƙanzo,
bai san ana rabon rufin da ke kansa ba.

Ni na yi shiru.
Mai takaba ba ta ɗaga murya,
amma bangon kicin yana magana:
zanen gawayi, layi bisa layi,
kowane layi buhun siminti ne,
kowane buhu tukunyar wake da shinkafa
da na kai bakin Kejetia kafin ladan ya yi tari.
Shekara goma sha tara hayaƙi na cin idona.
Kai kana tuƙin Tamale, ni ina ƙirga bulo.

Sai Maame Serwaa ta nemi a tashe ta.
Yayarka, wadda ba ta zo ɗaurin aurenmu ba,
wadda ta shekara bakwai ba ta amsa gaisuwata.
Ta dogara sanda har kicin,
ta bi gawayin da ɗan yatsa kamar mai jan carbi,
ta dawo da baƙi a farce.

Da Hausarta ta kasuwa, mai karyayyen ƙugu, ta ce:
"Yaw, kuɗin makarantarka daga tukunyar nan ya fita.
Gonar kakanni ta dangi ce, ka riƙe.
Wadda Kwaku ya sare da gatarinsa, ta 'ya'yansa ce.
Gidan nan kuwa, kafin a raba na mamaci,
a fara cire na mai rai."

Malam ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Ya ce haka littafi ma ya ce,
shi dai ba a nuna masa bango ba.

An watse kafin la'asar.
Yaw ya bar mini doya biyar, bai dube ni ba.

Ga abin da ba wanda ya nema, Sallau:
kwanon rufi mai yoyo a ɗakin 'yan haya,
bashin Baba Mairiga mai bulo, sidi ɗari takwas,
rediyonka da sai an mare shi yake magana,
da ramin da ka bari a gefen katifa.
Waɗannan ba tumuni aka ba ni ba,
duka na gada.

Gobe Tasallah za ta ɗauki tukunya,
ni sai wata huɗu da kwana goma sun cika.
Na riga na jiƙa waken.